Bayan Ruwan Ya Janye

Ni tela ce. Ɗinkin mata nake yi a cikin gida, a gangaren Tudun Wada ta Zariya, ɓangaren da ƙasa ke zubewa zuwa rafin Kubanni. Tun da aka kawo ni gidan nan ina amarya na tarar da rijiya a tsakar gida, kusa da bishiyar zogale. Surukata, wadda duk gidan muke ce wa Iya, tana ji da rijiyar nan kamar 'yar da ta haifa. Ko bazara ta yi tsanani, famfo ya ɗauke wata da watanni, rijiyar Iya ba ta ƙafewa, kuma ba ta taɓa hana maƙwabta ɗiba ba. Masai kuma yana can kusurwar gidan, bayan ɗakin girki. Na shekara 14 ina zirga-zirga tsakaninsu ban taɓa ƙirga nisansu ba. Sai daga baya na taka da ƙafata na ƙirga: taku 11.

Damunar 2021 ce. Iya tana da ƙaramar rediyo da take ratayewa a jikin ƙusa, ba ta kashe ta sai za ta yi salla. Tun farkon shekara mun ji hukumar hasashen yanayi, NiMet, ta fitar da bayanin yadda damuna za ta kasance, daga baya aka karanto jihohin da ake tsoron ambaliya. Da marka ta kama kuma kullum labarin amai da gudawa ne, wato kwalara, a Bauci, Kano, Jigawa, Zamfara. Muna ji muna cewa Allah ya kyauta, ina taka keken ɗinkina, Iya tana tsince shinkafa. Wallahi ban taɓa haɗa labarin rediyon nan da tsakar gidanmu ba.

Daren da abin ya faru, ruwa ya sauko bayan isha'i bai ɗauke ba har asuba. Mutane suna cewa Kubanni ce ta kawo, amma ruwan da ya fara shigo mana ba daga rafi ya taso ba. Daga sama ya gangaro, ya tarar da lambatun unguwa cike da leda da ƙasa da tsummoki, kwalbatin bakin layi a toshe, sai ya nemi hanya ta zaurukan mutane. Wajen ƙarfe 2 na dare na sauke ƙafa daga gado na ji ta cikin ruwa. Kafin in tashi yara mu ji ƙarar faɗuwar katangar maƙwabtanmu, ginin ƙasa ne da ya sha ruwa kwana da kwanaki. Maigida ya goya Iya, babbar 'yata ta ɗauki autana, ni kuma na rungumi kan keken ɗinki, don shi ne abincinmu. Maganin hawan jinin Iya, katunan asibiti, takardun haihuwar yara, duk suna cikin kwalla a ƙarƙashin gado. Ko tuna su ban yi ba.

Kwana biyu muka yi a ajin wata makarantar firamare, mata da yara aji biyu, maza a baranda. Bayan gida biyu ne kawai ga taron nan duka, ɗaya ma ba ƙofa, don haka yara suka koma bayan aji. An kawo tallafin shinkafa da tabarmi da barguna, Allah ya saka wa waɗanda suka kawo. Sabulu ne babu, ruwan sha mai tsabta babu, mu ma kuma ba wanda ya tambaya a cikinmu. Abin da ke bakin kowa shi ne: alhamdu lillahi, tunda ba a rasa rai ba. Muka ɗauka an gama.

Da muka koma gida, laka ce har ƙwauri. Masai ya cika ya tumbatsa, gefensa ya rufta. Bakin rijiya kuwa dama tsohuwar taya ce da 'yan duwatsu, ba ta fi tsawon hannu daga ƙasa ba, ruwan tsakar gida ya bi ta kai ya shiga. Na leƙa na ga ruwan ya taso har kusa da baki, jajawur. Samarin gidan suka wuni suna kwashe shi da guga. Washegari na jefa alif a baho, laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. Iya ta kamfata a moɗa ta ɗaga wa rana ta ce, "Kin gani ko? Rijiyata ba ta riƙe datti."

Na so in tafasa. Gawayin gidan ya jiƙe, itace ya jiƙe, 'yan kuɗin hannunmu kuma an sa su a siminti da azara. Na duba ruwan nan fari tas na ce a raina ai alif ya gama aiki. Da hannuna na cika randar Iya. Wannan maganar ita ce ta fi min nauyi a duk abin da zan faɗa, kuma saboda ita nake ba da labarin. Alif laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ruwa yana iya yin haske kamar madubi alhali abin da ke cikin masai yana cikinsa.

Rana ta uku da dawowarmu, bayan la'asar, na lura Iya tana yawan ɗaukar buta. Na ce, "Iya, lafiya kuwa?" Ta ce, "Cikina ne ya ɗan motsa, ki yi aikinki." Kun san dattijuwa da alkunya, ba za ta zauna tana lissafa wa matar ɗanta sau nawa ta zaga ba. Ta sa aka jiƙa mata ganyen gwaiba. Da magariba amai ya fara. Maigida ya je kemis ya karɓo ƙwayoyin tsayar da gudawa, ta sha ta dawo da su. Tana ta neman ruwa, tana cewa ƙishi, ƙishi, mu kuma muna hana ta, wai kada ta sha ya ƙara tayar mata da aman. Muna jiƙa mata leɓe kawai. Mun ɗauka taimakonta muke yi.

Tsakar dare ƙafafunta suka riƙa ɗaurewa, tana nishi. Muryarta ta dushe kamar daga rami take magana, idanu suka faɗa, yatsunta suka yamutse kamar wadda ta wuni tana wanki. Abin da ke fita daga jikinta ba kashi ba ne, ruwa ne fari-fari irin na wankin shinkafa. Muka ce a jira gari ya waye, don hanyar layinmu ta zaizaye, ba mai Napep ɗin da zai shigo da dare, kuma ba mu da lambar ko ɗaya. Da asuba aka ɗauke ta a hannu har bakin titi. A asibiti malaman jinya suka yi ta neman jijiya don sa ƙarin ruwa, da ƙyar aka samu. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ina tsaye ina gani. Kafin azahar Iya ta cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Daga fara ciwo zuwa rasuwa ba a yi kwana guda cikakke ba.

Akwai wata maƙwabciyarmu, tsohuwar malamar asibiti da ta yi ritaya, kowa Malama yake ce mata. Lokacin ambaliyar tana Samaru wajen 'yarta, labarin rasuwar ne ya dawo da ita. Ta shigo ta tarar gida ya cika da mata, ana ta ɗibar ruwa a rijiya don girki da alwala da kunun 'yan gaisuwa. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta tambaye ni yadda ciwon ya kasance. Ina gama faɗa mata ta miƙe ta je ta karɓe gugar daga hannun wata yarinya, ta jawo tsohon kwanon rufi ta kifa a bakin rijiyar ta ɗora dutse. Ta ɗaga randar Iya ta tuntsurar. Tsakar gida ya yi tsit.

Wata goggon maigida ta ce, "Haba baiwar Allah, a gidan mutuwa? Kwana ne ya ƙare, me ruwa ya yi?" Malama ta durƙusa ta ce, "Goggo, ki yafe ni. Kwanan Iya ya ƙare, gaskiya ne. Amma yaran nan da ke yawo a tsakar gida ba mu san nasu ba. Don Allah kada kowa ya ƙara shan ruwan nan." Ta aika gidanta aka kawo safar hannu da sinadarin kulorin, ta tsaya a kan masu wankan gawa, ta sa aka rage su zuwa biyu. Kayan shimfiɗar Iya ta sa aka jiƙa su a ruwan kulorin. Ta ajiye buta da sabulu a bakin zaure. Wasu sun ji haushi ƙwarai, har aka ce ta mai da gidan makoki asibiti. Sai da Liman ya aiko cewa a bi maganarta, sannan aka yi shiru.

Daren nan autana, yana da shekara 4 a lokacin, ya fara. Na ga irin ruwan da na gani a wajen Iya, gwiwoyina suka sage. Ban san lokacin da na isa ƙofar Malama ba, ko mayafi babu.

Ba ta zo da allura ba. Jug ta ɗauko mai alamar lita 1, ta cika shi da ruwan da ta tafasa ya huce. Ta zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6, kowanne a shafe ba tozo, da gishiri rabin ƙaramin cokali, ta motsa. Ta ba ni na ɗanɗana ta ce, "In ya fi hawaye gishiri, zubar ki sake." Ta ɗora yaron a cinyata ta ce in riƙa ba shi cokali-cokali, ba tsayawa. Ya sha kaɗan ya amayar. Na ce, "Malama, ba ya zama." Ta ce, "Jira minti 10 ki ci gaba, a hankali. Ba duka yake fitowa ba. Cutar nan ruwan jiki take kwashewa, wanda ya mutu da ita bushewa ya yi. Abin da ya fita, ki mayar." A nan na gane abin da muka yi wa Iya da muka hana ta ruwa. Kuka ya zo min, Malama ta riƙe kafaɗata ta ce, "Kukan ki bar shi sai gobe, yanzu cokali."

Ta kira wani ɗan ƙanenta mai Napep ya jira mu a bakin titi. A hanya ma ban daina ba shi ba. A asibiti suka duba suka ce ruwan jikinsa bai ƙare ba, aka ci gaba da ba shi na cikin fakiti, wato ORS, aka haɗa da maganin zinki da zai sha kwana 10. Wajen hantsi ya yi fitsari a zanina. Ban taɓa murna da fitsarin yaro irin ta ranar ba, don Malama ta gaya min shi ne alamar ruwa ya koma jiki. Kwana biyu aka sallame mu. A layinmu mutum biyar ne suka kwanta a makon nan, dukkansu sun sha rijiyarmu, dukkansu kuma sun tashi, saboda zuwa lokacin kowane gida ya ji yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari.

Daga baya na ji alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, cewa a 2021 mutum sama da 100,000 ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu. Iya tana cikin lissafin nan ko ba ta ciki, ni dai na san yadda mutum ɗaya daga cikinsu yake tafiya. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa jayayya da ita ba. Amma na daɗe ina juya abu ɗaya a zuciyata: sukari yana cikin gidan a daren nan, gishiri yana cikin gidan, cokali yana cikin gidan. Wata rana na sa maigida ya kai tambayata wajen Liman, ko wannan tunanin nawa ya saɓa wa tawakkali. Ya aiko min da hadisin mutumin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Ya ƙara da cewa laifi yana kan wanda ya sani ya ƙi, ni kuwa ban sani ba, amma yanzu na sani.

Mako biyu zuwa uku da ambaliyar, zazzaɓi ya biyo baya. Duk wani rami da gwangwani da tsohuwar taya sun riƙe ruwa, sauro kuwa kwana 10 ya ishe shi daga ƙwai zuwa mai cizo. Gidajen sauronmu sun lalace a laka. Yara uku na gidanmu sai da suka kwanta. Tun daga lokacin, in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na 'yan ƙasa da shekara 5 suka zo a watannin damuna, ni nake zagawa da su gidajen da ake rufe musu ƙofa.

Da rani ya shigo, mu matan adashinmu muka zauna a ɗakina da Malama. Ta ce ba a fafe gora ranar tafiya, duk abin da za a yi wa Agusta a watan Afrilu da Mayu ake yinsa. Muka ware wani abu daga kowane zubi. Da shi muka fara ɗaga bakin rijiyoyi, ta gidanmu ce ta farko: aka zagaye ta da bulo da siminti har ƙugu, aka yi mata daɓe mai gangara da murfin ƙarfe, guga ɗaya tak da ake ratayewa ba a ajiye ta a ƙasa. Muka sayi fakitin ORS da zinki da ƙwayar kulorin ta ruwan sha muka raba gida uku, don kada ruwa ya ci gida ɗaya a rasa duka. Malama ta koya mana cewa in an jefa kulorin sai an jira minti 30 kafin a sha, in ruwan ya gurɓace kuma a fara tacewa, sannan ruwan gishiri da sukari ba ya wuce kwana guda, sai a zubar a haɗa sabo. Ni na ɗinka wa kowane gida 'yar jaka mai leda a ciki, ta takardu da katin asibiti da maganin da tsofaffi ke sha kullum, ana rataye ta sama kusa da ƙofa.

Zuwa wajen Mai Unguwa ne ya fi ba mu wuya, don ba a saba mata su kai irin wannan magana ba. Maigida da mijin Malama suka raka mu. Na ce, "Ranka ya daɗe, lambatu ne ya kashe surukata, ba Kubanni ba." Ya yi shiru, sannan ya ce a faɗa masa abin da ake so. Tun shekarar ake gayyar yashe lambatu kafin ruwan fari, Liman ya yi sanarwa bayan sallar asuba, samari su fito da shebur da baro. Akwai kuma littafi a hannun Malama mai sunayen tsofaffi da masu juna biyu da naƙasassun layinmu, kowanne da saurayin da zai ɗauke shi in ruwa ya shigo da dare. Lambar masu Napep biyu tana rubuce a bangon zaurenmu da gawayi, tare da 6232, lambar NCDC da ake kira kyauta in an ga cuta tana yaɗuwa.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Har yau da zarar hadari ya haɗo za ka ga an aiko yara da kwandon shara su juye a lambatu, wai ruwa ya tafi da ita. Ina za ta tafi? Ƙofar gidan na ƙasa da kai. Na yi faɗa a kan wannan har wasu sun daina gaishe ni. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin adashi. Ma'aikatan lafiya suna cewa a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. Gidanmu kaf bai kai mita 30 ba, in ma ka matsar da naka, na maƙwabcinka yana jikin katangarka. Siminti yana tare ruwan sama, ba ya tare wanda ke tsatsafowa ta ƙarƙashin ƙasa. Maganin wannan ruwan famfo ne mai zuwa kullum, da manyan magudanu, da asibitin unguwa mai ƙarin ruwa a ajiye tun kafin damuna. Wannan aikin hukuma ne, kuma duk mai neman ƙuri'a da ya shigo layinmu ita ce maganar da nake yi masa.

A 2022, da ambaliya ta ci rayuka sama da 600 a ƙasar nan ta raba fiye da mutum miliyan ɗaya da gidajensu, da kuma Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Maiduguri, kowa hotunan rufin gidaje da kwale-kwale yake kallo a waya. Ni tunanina yana kan mako na biyu, lokacin da masu ɗaukar hoto suka tafi, mata suka koma gida suka leƙa rijiya.

Shirin nan ma bai tsaya a damuna ba. Ina 'yar shekara 11 aka yi sanƙarau na 1996, wanda ya kashe mutum sama da 11,000 a Najeriya, na tuna yadda aka hana mu kwana a cunkushe cikin ɗaki, aka jera mu a layin allura. Zafin Maris da Afrilu shi ne lokacinsa. Azumin 2024 kuma ya faɗo a tsakiyar zafin nan, ga rashin wuta. Littafin Malama ya yi amfani a lokacin: muka riƙa leƙa tsofaffin da ke ciki da rana, a fito da su inuwa, a jiƙa musu zani, wanda jikinsa ya gaza a tuna masa addini ya yi masa rangwame. Jakar da na ɗinka don ruwa, da ita aka kai wata dattijuwa asibiti saboda zafi.

Autana yanzu yana firamare. Shi nake sa wa ya nuna wa matan da ke kawo ɗinki yadda ake shafe cokali da bayan wuƙa, yana ƙirgawa da ƙarfi har 6. Ba mai karɓar ɗinkinta ta fita ba ta gani ba, ko tana sauri.

Rijiyar tana nan, muna wanki da ita, muna ba zogale. Na sha kuwa sai an tafasa ko an sa kulorin, rani da damuna. Randar Iya ba ta fashe ba ranar da Malama ta tuntsurar da ita, bakinta ne kawai ya ɗan ɓare. Na wanke ta na ɗora ta a kan bulo huɗu a inda take tun da, na yi mata murfi da moɗa mai dogon hannu. Shekaranjiya an kwana ana ruwa. Ƙarfe 2 na farka, kamar yadda nake farkawa duk daren marka tun shekarar. Na ɗauki tocila na fita zaure na haska lambatu, ruwa yana wucewa. Na dawo na taɓa jakar da ke rataye, na duba murfin rijiya, sannan na hura gawayin da na ɓoye a leda na ɗora tukunyar ruwan safe.